Ƙirgin da Ba Shi da Hatimi

Sabon Birni,
Farkon damina, 1974.

Zuwa ga Yayana Malami, a Shagamu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, tare da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya lau, kai da Yaya Laraba da yara gaba ɗaya. Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, shi sa albarka a kasuwarka, shi kare ka daga sharrin baƙunta. Mu nan alhamdu lillahi muna da rai, kuma a shekara irin wannan wanda ya ce yana da rai ya faɗi babban labari. Inna tana lafiya, sai gwiwar nan tata da ba ta barin ta sakat. Goron da ka aiko ya iso, ta ɓoye shi ƙarƙashin gado, in baƙuwa ta zo sai ta fasa ƙwaya guda tana ba da labarinka har goron ya ƙare a baki. 'Yar'uwarmu Tani ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa sunan Baba. Ba a yi taro ba, don babu abin da za a tara mutane a kansa. Matata Saudatu tana gaishe ka, ɗiyarmu Kadijatu kuma ta fara tafiya, ba ta da aiki sai bin kaji. Abinci dai jar dawar agaji ce in an samu, in ba a samu ba anza, wadda sai an jiƙa an zubar an sake jiƙawa kafin ɗacin ya bari a haɗiye.

Bayan haka, Yaya, Jibrilla direban da za shi ba ka takardar nan za shi haɗa maka da wani ƙunshi ɗaure da igiya. Don Allah kada ka kwance shi sai ka kai ƙarshen karatu. Magana biyu ce ke tafe da ni, ta saniyarka da ke hannun Illo da ta aikina, amma in ka bi su za ka ga magana guda ce. Na san halinka, kana jin rabin zance ka miƙe ka fara faɗa, to wannan karon ka daure ka zauna.

Ba sai na tuna maka yadda na zama malamin ƙiraga ba, tunda kai ka yi dakon goro har gashin tsakar kanka ya gudu don in zauna a aji. Wallahi na so aikin nan, duk da warin da Saudatu ke cewa ko sabulun duniya aka tara ba shi raba ni da shi. Abin da na sani shi ne in hau keke in zagaya kasuwanni, in tsaya kan mahauta in nuna masu yadda ake fiɗa ba tare da wuƙa ta huda fata ba, in hana su baza ƙirgi a ƙasa rana ta soye shi, a ɗaure shi a katako cikin inuwa. In ya bushe in duba, in buga masa hatimi, lamba ɗaya ko biyu ko uku. Daɗin da nake ji shi ne in talaka ya yanka dabbarsa, hatimina ya hana dillali raina masa fata. Mutum ya zo da ƙirginsa a ka yana ɗari-ɗari, ya koma yana murmushi. Don wannan na ɗauka ake biyana albashi.

To sai farin nan ya zo. Abin da kuke ji a rediyo bai kai rabin abin da ido ya gani ba. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, gulbi ya koma rairayi. Makiyaya suka gangaro ta wajen Madawa da Maraɗi, Fulani da Buzaye, suna koro abin da ya rage masu, dabbobin na zubewa a hanya. Ungulaye sun ƙoshi har in ka zo wucewa ba su tashi, sai dai su matsa gefe su bi ka da kallo. Rumfar shanyarmu ta cika, muka ƙara katako, ya cika, muka koma ɗaure ƙiraga a rassan itace. Hannuna har kanta ya yi saboda buga hatimi. Matan da a da ko hanyar mahauta ba su bi suka riƙa zuwa da ƙwarya suna jiran abin da muke kankarewa a bayan fata, 'yar jijiya da ƙuda ya gama bi, su kai gida su tafasa wa yara.

Ana cikin wannan hali Malam Amiru, shugabanmu da ke zaune a Isa, ya tara mu a ofis. Na ɗauka maganar taimakon jama'a za a yi, ashe walima ce. An sayo lemo da biskit, ya miƙe yana gyara hula, ya ce tun da aka kafa ofishin nan ba a taɓa shekara mai albarka irin bana ba, wai ƙiragan da suka fita daga ƙasarmu sun fi na kowace gunduma. Albarka fa ya ce, Yaya, da bakinsa. Ya nuna ni ya ce ana maganar ƙara mani girma a ba ni babur. Aka yi tafi. Ni kuwa na ajiye lemon nan ban ƙara kurɓa ba, don ta taga ina hangen wani tsohon Bafillace zaune gindin bango da sandarsa a kafaɗa, babu ko saniya guda a bayansa. Kowane ƙirgi da ake mana tafi a kansa dukiyar wani ce ta mutu, nonon 'ya'yan wani ne ya ƙafe. Na zagaya bayan ofis na yi ta tofar da yawu.

Akwai kuma Ɗanmusa, ban sani ba ko ka tuna shi, wanda a da yake sayar da igiya a kasuwar Gatawa. Yanzu shi ke saye wa wani kamfani na Kano ƙiraga, ya yi tumbi a shekarar da kowa ke ƙara tamke mazagi. Aikinsa ya shimfiɗa buzu a inuwa kusa da rijiya, mahautansa na bayansa suna wasa wuƙa, yana kallon wace saniya ce ke tangaɗi. Sai ya taso da carbi a hannu, ya yi wa mai ita jaje da murya mai taushi, sannan ya taya ta abin da a da ko ɗan akuya ba a ba ka da shi. Kankarar fatar nan ma da mata ke kwasa kyauta, da ya ga ana rububinta sai ya sa aka fara sayar masu da gwangwani. Abin da ya fi tayar mani da hankali, rannan na tsinci kaina ina kallon wata saniya mai rai, tana numfashi tana kaɗa kunne, ni kuma a zuci ina cewa wannan lamba biyu ce. Na ji ƙyamar idona.

Ka san yadda ake yi da saniyar da yunwa ta kayar, ko da yake rabonka da gani tun muna yara. In ta kwanta ba ta iya tashi da kanta, kuma in aka bar ta kwance rana ta ɗaga, shi ke nan. Sai maƙwabta su taru da sassafe, a zura itace biyu ta ƙarƙashinta, ɗaya a ƙirji ɗaya a mara, mutum huɗu su kama bakin itacen, na biyar ya riƙe wutsiya, a yi salati a ɗaga gaba ɗaya. In ta kafa ƙafafunta ta samu yinin ranar, ta ɗan taka ta tsinci abin da ta tsinta. Gobe a sake. Daga wannan ruga a wuce waccan, babu wanda ake biya. Da haka ake jan saniya har ta ga ciyawa, in Allah ya nufa. Sai dai itacen yana goge fata a kan haƙarƙari da ƙugu, tunda babu nama tsakani, ya bar miki, mikin ya bar tabo. To wai kamfani ya yi ƙorafi ƙiraga na zuwa da tabo. Malam Amiru ya ce in zagaya rugage in wayar wa makiyaya da kai, su daina wannan ɗage-ɗage na jahilci, su yanka tun saniya tana tsaye fatarta sumul. Na tambaye shi wadda za a ɗaga ta rayu har damina fa. Ya ce mai rai ba ta ofishinmu ba ce, ta malamin dabbobi ce, mu namu yana farawa daga inda wuƙa ta gama. Yana faɗa yana sakace.

Na hau keke da saƙon nan a bakina, na ce bari in fara da inda ake jin maganata, rugar Illo a bayan Gangara. Illo dai abokinka ne tun kuna kiwon awaki, wanda ka ɗaure wa karsanarka habbanaye ranar da za ka tafi kurmi, a kan 'ya'yan da za ta haifa nasa ne, uwar kuma taka ce har ta dawo hannunka. Ita ce suke kira Wule saboda farin goshinta. Yaya, garken nan na Illo da in ya taso sai an kauce masa a hanya, babu shi. Saura Wule da 'yar maraƙar da ta haifa masa. Ya kware jinkar bukkarsa yana ba su tsohuwar ciyawa, yana hawa gawo da jiri a kansa yana karkaɗo 'ya'ya, matarsa Fatsuma na dakawa tana jiƙawa. Kuma na gani da idona, in an kawo ɗan abin nan Wule ake fara miƙa wa, maraƙar da take tasa halak malak sai abin da ya saura.

Na iske mutum huɗu tsaye, an riga an zura itace, suna ta waige-waige, don mai riƙe masu wutsiya ya kwashi iyalinsa ya yi kudu. Ko gaisuwa ba mu gama ba Illo ya ce in zo in kama. Ina sanye da kakin aiki mai guga, hatimi a aljihu. Na kama. Aka yi salati aka ɗaga, na ji nauyinta har cikin ƙashin bayana, ƙafafunta na rawa suna neman ƙasa, sai can ta kafa su. Ta juyo da farin goshin nan ta dube mu, sannan ta saka mani da alheri, ta sako mani kashi a kan wando da takalmi. Mutanen nan da yunwa ta shanye suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi, kuma rabona da irin wannan dariya tun kafin fari. Saƙon Malam Amiru ban isar ba, ba a nan ba, ba a ko'ina ba. Tun daga ranar na mai da Gangara masaukina da sunan rangadi, wutsiyar Wule ta zama tawa, in mun gama in bi su sauran rugage mu tayar da na wasu.

Ba a daɗe ba labari ya kai Isa. Dama Ɗanmusa ya sha zuwa wajen Illo, don Wule doguwa ce mai faɗin jiki, kullum amsa guda yake samu, cewa amanar Malami ce, shi Illo ba shi da bakin sayarwa, ba shi da hannun yankawa. Da Ɗanmusa ya gano mai saniyar wana ne, sai ya garzaya wajen Malam Amiru. Aka aiko in zo. Malam Amiru ya ce na mai da ofis abin dariya, malamin ƙiraga guda da wutsiya a hannu, wa za shi ƙara jin maganarmu. Ya ce amma gyara na hannuna: tunda wana ba shi nan ni ne madadinsa, in ba Illo umarni a kawo Wule kasuwar Gangara a yanka ta gaban jama'a tun tana tsaye, kowa ya ga malami ya fara da ta gidansu. In na yi haka babur na jirana, in na ƙi, akwai da yawa da suka gama makaranta suna neman hatimi. Na ce a ba ni lokaci, ba don ina da abin tunani ba, sai don in na buɗe baki a lokacin abin da za shi fito ba na ladabi ba ne.

Kada ka ɗauka abin ya zo mani da sauƙi. Na so in rubuto maka, amma kafin takarda ta je Shagamu ta dawo an gama komai, don haka na yanke a madadinka, kuma alhakin yana wuyana. Saudatu ta ce ita ba ta ce Malam Amiru na da gaskiya ba, amma albashin nan shi ke riƙe da gidanmu da na Inna da rabin na Tani, saniyar kuma ko ta rayu ba ita za ta ciyar da Kadijatu ba. Gaskiya ta faɗa. Mijin Tani ya ce aljanun daji ne suka shafe ni. Inna kuwa na je ɗakinta na gaya mata. Da na zo fita sai ta kira ni, ta kwance bakin zanenta, ta ba ni 'yar dusar da take ɓoyo don kununta, ta ce in kai wa saniyar Malami. Na koma Gangara na ci gaba da riƙon wutsiyata, Isa kuma ban aika da wata amsa ba.

Haka muka ja ta har hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ranar da ruwan farko ya sauka da la'asar, da iska da sanyi, gari ya ruɗe da murna, tsofaffi na kuka suna hamdala. Illo kaɗai na ga fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce ruwan farko shi ke ƙarasa saniyar da ba ta da kitse, don sanyi yana shiga ƙashinta kai tsaye. Fatsuma ta ja maraƙa cikin abin da ya rage na bukka ta rungume ta, shi kuma ya ɗauko bargonsa ɗaya tilo ya lulluɓa wa Wule, ya ɗora tabarma a kai. Da gari ya waye muka zura itace muka ɗaga, ƙafafun suka ƙi kafuwa, suna lilo kamar tsumma. Muka sauke, muka huta, muka sake. Muka yi ta yi har hannuwanmu suka mutu, Illo na yi mata magana da Fillanci a kunne. Daga ƙarshe ya zauna cikin taɓo ya dube ni, ya ce har yanzu ba tasa ba ce, ba shi iya sa mata wuƙa sai mai ita ya ce. Kalmar da Malam Amiru ya yi ta nema da babur da barazana, a nan na faɗe ta, don kada ta tafi mushe. Aka yi bisimilla. Ga ƙasa ta jiƙe, ga ƙanshin damina ko'ina, ciyawar da muka yi ta jira saura kaɗan ta tsiro. Na yi kuka, Yaya, ba ni jin kunyar gaya maka.

Ɗan naman aka raba wa waɗanda suka yi ɗagawa da wasu matan Buzaye da ke zaune kusa. Fiɗa kuwa ban bar kowa ya taɓa ba, ni na yi, kuma tun da na koyi aikin nan ban taɓa mai tsabta irin ta ranar ba. Illo ya ce a al'adarsu in dabbar amana ta mutu a hannunka, sai ka kai wa mai ita fatar da kunnen da ke da shaidarsa, ya gani da idonsa ba sayarwa ka yi ba. Ya ce ba shi da ƙafar zuwa Shagamu, in taimake shi in isar. Sai na kai ƙirgin rumfarmu ta Sabon Birni na ɗaure shi a inuwa yadda ya kamata.

Yana gab da bushewa sai ga Malam Amiru ya zo rangadi, Ɗanmusa na biye da shi riƙe da jakarsa. Wani ya riga ya tsegunta masu. Malam Amiru ya tsaya gaban ƙirgin yana nuna tabon ɗaya bayan ɗaya da bakin alƙalami, yana cewa ga abin da yake faɗa nan, ƙirgin da ya isa lamba ɗaya an mai da shi abin da ko lamba uku bai kai ba. Ɗanmusa ya ce da an ji shawararsa da Malami ya samu na goro, yanzu ba saniya ba fata. Suka yi dariya, irin ta waɗanda suka ƙoshi. Sannan Malam Amiru ya ce ya samu dabara, har za shi yafe mani laifina in na bi ta: in buga wa ƙirgin jar tawada, shaidar wanda aka ƙi, in ɗaura shi a gora, in zagaya da shi kasuwar Isa da ta Gatawa da ta Gangara ina nuna wa makiyaya sakamakon jahilci. Gangara fa, Yaya, gaban Illo da mutanen da suka ɗaga ta da hannunsu. Ban taɓa jin ƙyamar ɗan Adam irin ta wannan lokaci ba, har warin rumfar ya fi mani daɗin shaƙa a kan turaren jikinsa. Ban zage shi ba, albarkacin tarbiyyar Inna. Na kwance igiyoyin a hankali, na naɗe ƙirgin, na ciro hatimi da kwalbar tawada na ajiye a kan katako gabansa. Na ce masa ƙirgin nan yana da mai shi, hatimin kuma ya nemi wani ya riƙe masa. Keken ma na bar masu, na saɓa ƙirgin a kafaɗa na taka har gida.

To ka ji yadda ƙanenka ya rabu da aikin gwamnati a shekarar da ake neman na sawa a baki. Na je wajen malamin dabbobi na ce ya ɗauke ni ko da mai riƙe igiya ne in ana allurar shanu, ya ce babu gurbi yanzu, in leƙo bayan kaka. Kafin nan na koma gonar Baba ta Unguwar Lalle, na shuka irin geron da Inna ta hana a taɓa duk tsananin yunwa, ya kuma tsiro. Saudatu ta yi fushi sosai, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, amma jiya ta biyo ni gona da ruwa ta zauna har na tashi. Sana'ar ban tsane ta ba. Mahauta har yanzu suna kirana in duba masu fiɗa, ina kuma zuwa. Abin da ba ni iyawa shi ne in ci abinci a wurin da mutuwar dabba ta fi rayuwarta riba, a kuma ce in hana mutane taimakon juna don fata ta yi sumul. Na shiga aikin ne don in tsaya bayan mai saniya, na waiwaya na ga an tsayar da ni bayan mai wuƙa. Na san wahalar da ka sha a kaina, na san za ka ce na yi wauta, kuma mai yiwuwa in yunwa ta ƙara matsa mu ni ma in ce haka. Amma yanzu in na kalli saniya, saniya nake gani, ba lamba ba. Maraƙar Wule tana nan da rai, ta fara tsinkar sabuwar ciyawa, ita ma da ɗan fari a goshi. Illo ya ce in ta girma ta haihu, ɗiyarta ta fari kai za shi ɗaure wa habbanaye. Na ce ya bari ta girma tukuna.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka rage faɗa. Tani da mijinta da jariri suna gaishe ka, haka Saudatu da Kadijatu. Illo da Fatsuma suna gaisuwa, suna kuma yi maka jaje, su da ya kamata a yi wa. Ka gaishe mani da Yaya Laraba, da su Usmanu da Ibrahima, da duk Gobirawan da ke zango tare da kai.

Yanzu sai ka kwance ƙunshin. Ka shimfiɗa shi inda akwai haske. Ga kunnen nan da tsagar da ka yi mata da hannunka, shaidar da ke wanke Illo ke nan. Sannan ka dubi gefen haƙarƙari da ƙugu: duk tabon da ka gani, safiya ce da mutane suka fito da yunwa a cikinsu suka ɗaga saniyarka, ba don tasu ba ce. Inda gashi ya goge a gindin wutsiya, hannuna ne. In ka gama dubawa kana son yi mani faɗa, ka yi, za ni saurara. Ka juya shi ciki da baya ba za ka ga hatimi ba, don na duba shi da duk abin da na koya, ban samu lambar da ta isa in buga masa ba.

Allah shi haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ni ne ƙanenka mai yi maka biyayya,
Halliru.